Kartun ɗin Mavka, in bar yara su kalla ko in hana?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a, waɗanda suka kalli kartun ɗin nan Mavka har ƙarshe nake son ji daga bakinsu. Ilham ta ga guntunsa a wayar maƙwabciyarmu tun shekaranjiya ta hana ni sakat, ni kuma na riga na mata alkawari ranar Asabar in ta kawo haddarta. Shekararta 9, ƙaninta 5 kuma komai tare suke kallo, ga shi da tsoro kamar farar kura. Abbansu ya ce in dai akwai tsafi ko soyayya kar ya gani a gidansa. Ba inda zan samu nake tambaya ba, yana wayar maƙwabciyar, abin da ke cikinsa nake son sani.

Ɗan Fagge: Hajiya je ki wajen masu turi kawai, naira 100 ne.

Ummu Sadik: Wace ɗari ana zaune ƙalau? Ni 300 aka karɓa a hannuna wai mai kyan hoto ne, kuma rabinsa murya ba ta tafiya da baki.

Ɗan Fagge: An dai ga gyalenki mai tsada ne Anti. Mu uku ɗari biyu ake mana.

Likitan Gobe: Anti ni na kalla sau biyu, kuma a birnin Kharkiv na ƙasar Yukren na yi karatu kafin yaƙi ya koro mu a 2022. Fim ɗin 'yan Yukren ne, kamfanin Animagrad ya fitar a Maris 2023. Daga wasan kwaikwayon Lesya Ukrainka na 1911 aka ɗauko shi, matar da hotonta ke jikin takardar kuɗinsu ta 200, ita kuma daga tatsuniyoyin mutanen yankin Volyn ta gina shi. Mavka kamar aljanar daji ce mai tsaron itatuwa, sai ta haɗu da Lukas mai busa sarewa da ya shigo dajin neman wa kawunsa magani, ga wata Kilina mai son kai hannu ga tushen ran dajin don kar ta tsufa. Soyayya kam akwai, ita ce ma ƙashin bayan labarin, babu dai batsa. A na asalin Lukas cin amanarta yake ya auri Kilina, ita Mavka ta rikiɗe bishiya, a kartun suka gyara ƙarshen ya yi daɗi saboda yara.

Maman Khalifa: 'Yar uwa ki rufa wa kanki asiri ki bi maganar mijinki. Ni ba wannan ba ne, wani ne daban mai dodon wuta, na kunna wa Khalifa yana shekara 4 don in samu in gama girki, wallahi daren nan ba mu runtsa ba, yana ta ihu yana nuna bayan ƙofa. Kwana uku a haka sai uwar mijina ta ce na jawo wa jikanta aljanu, aka ɗauko mai ruƙiya ga hayaƙi ga rubutu, kuɗin da aka kashe har da na adashena. Mijin da ya sayo talabijin ɗin da hannunsa ya tsaya gaban uwarsa ya ce dama ya sha hana ni, alhali bai taɓa cewa uffan ba. Sati biyu na yi a gidanmu kafin a zo biko. Yau shekara uku, ko zazzaɓi yaron ya yi sai an ce ai tun abin kartun ɗin nan ne.

Ummu Sadik: Innalillahi. Sannu Maman Khalifa, ai ba kartun ne ya cuce ki ba, mijin ne da bai iya tsayawa kan gaskiya.

Maman Khalifa: Har yau bai ba ni haƙuri ba fa.

Malam Na Islamiyya: Allah ya ba ki ladan haƙuri. Maman Ilham, yarinyar da ke hadda ba a saka mata da labarin da wani ruhi ke rayar da daji, tarbiyyar tauhidi tun ana ƙanana ake yinta. Ki saya mata wani abin.

Likitan Gobe: Allah gafarta Malam, kun kalla kuwa? Mu ma an mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dodanni muna yara kuma ba mu bar sallah ba.

Hajiya Babba: Kai yaro da ko aure ba ka yi ba kake ja da malami a kan tarbiyya? 'Ya'ya bakwai na raina. Na kalla da jikokina, wurin da yarinyar ta fusata ta koma wuta tana ƙone-ƙone ƙaramar sai da ta ɓuya a zanina, manyan kuwa har tafi suke. Soyayyar ba ta kai rabin ta finafinan Indiya da ake kunnawa a kowane gida ba.

Ɗan Fagge: Likita shekara nawa ka yi a can ba ka samo mana ko Mavka ɗaya ba, da sarewa ka koya da yanzu an sha biki 😂

Ummu Sadik: Ni abin da ke min ciwo, mutanen da ake jefa wa bam sun iya fitar da tatsuniyarsu duniya na kallo, mu tamu tana mutuwa a bakin kakanni. Sai dai mu kai memori a loda mana na wasu.

Baban Amir: Memorin ma a bi a hankali. Na ba wani mai turi na ce kartun zalla, Allah ya sa ni na fara buɗewa, abin da na gani a tsakiya ba ya faɗuwa, da na koma wai kuskure ne daga kwamfuta, ko kuɗina bai mayar ba.

Maman Ilham: Na gode duka, amma Hajiya wurin wutar nan yana da tsawo ne, ko zan iya wuce shi saboda ƙaramin? Kuma me zan ce wa Abbansu?

Ɗan Fagge: Baban Amir a wace unguwa ne, don ni ma an taɓa min haka da wa'azi.