Shawarwarin masu hawan Dutsen Kagoro

Waɗanda suka saba hawan Dutsen Kagoro, a Ƙaramar Hukumar Kaura kusa da Kafanchan, bakinsu ya zo ɗaya a kan lokacin da ya fi dacewa da hawa: Nuwamba zuwa Janairu. Da damina gansakuka ke lulluɓe dutsen, santsi kamar an shafa sabulu.

A kama hanya da an idar da sallar asuba, a sauko kafin rana ta take. Kowa ya riƙe ruwa lita biyu zuwa uku, ya sa kambas mai kaushin ƙasa, ban da silifas. An fi zamewa wajen saukowa, domin gwiwa ta gaji. A taho a karkace, taku gajere. A gai da mai unguwa, a ɗauki ɗan gari jagora, a tambayi halin tsaro.

Abin da suka fi nanatawa shi ne ƙasar da ke kan dutsen. Siririya ce, wani wurin ba ta kai kauri taƙi ɗaya ba, saiwar ciyawa kaɗai ke riƙe ta. Duk wanda ya yanke hanya ko ya tumɓuke ciyawa garin neman abin riƙewa, ruwan farko zai wanke wurin ya bar zaizaya. Kada a kunna wuta da hunturu, ciyawar ta bushe ƙayau. Ledar fiya wata kuwa, a dawo da ita a jaka.