Muhawara: Tsarin Keto Ko Gyaran Cin Yau Da Kullum?

Maman Ummi: Jama'a, ina nan a kan bakana. Duk wanda yake son rage ƙiba da gaske, ya bar tuwo da shinkafa da burodi da dankali gaba ɗaya, ya koma ga nama da ƙwai da kifi da ganye, wato tsarin da ake kira keto. Maƙwabciyata a unguwar Rikkos a nan Jos ta bi shi, kafin wata ya cika sai da tela ya rage mata riguna. Shawarar a ci daidai kuma a riƙa tafiya da ƙafa kuwa, tun muna yara muke jin ta, har yau ban ga wanda ta sauke wa teɓa ba.

Anti Nas: Maman Ummi, ban ƙaryata ki ba, amma ina so ki san abin da ya fita daga jikin maƙwabciyarki. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa, saboda haka idan mutum ya daina cin sitaci, ajiyar za ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya nuna raguwa tun kitse bai fara narkewa sosai ba. Shi kansa keto likitocin Amurka ne suka ƙirƙiro shi wajen 1921 domin yara masu farfaɗiya. Sannan a 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609, rabi suka rage sitaci, rabi suka rage maiƙo. Bayan shekara guda, na farko sun rage kusan kilo 6, na biyu kilo 5 da ɗoriya, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba.

Baban Khalifa: Anti, a yi wa tsarin takura adalci. A Birtaniya an yi wani gwaji mai suna DiRECT da masu ciwon sukari nau'i na 2, inda aka ɗora su a kan abincin sha mai kalori 850 ko ƙasa da haka kaɗan a rana na tsawon wata 3 zuwa 5. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Wace tafiyar yamma ce za ta yi wannan aikin?

Anti Nas: Gaskiya ne, Baban Khalifa, sai dai ka tsallake rabin labarin. Mutanen nan a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya suke, an dawo musu da abinci sannu a hankali, an ci gaba da bibiyarsu, kuma duk da haka a shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36. Mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin da ya yanke abinci da kansa saboda wani bidiyo da ya gani a waya, sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma. Tun da ka tambayi abin da tafiya ke yi: a 2002 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su motsa jiki minti 150 a mako tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, alhali metformin, wato maganin ciwon sukari, kashi 31 ya rage.

Kawu: Ni maganar aljihu zan yi, domin ita ce kuka manta. Magidancin da ke ciyar da mutum takwas, a wannan tsadar, ina zai samu kuɗin nama da ƙwai safe da rana da dare? Abin takaici ma a Jos muke wannan gardama, garin da motoci ke lodin kabeji da karas da koren wake a kasuwar Farin Gada suna kai wa wasu jihohi. Gwaten acha da aka cika shi da yakuwa da gauta, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, iyayenmu sun ci su ba tare da sun san wani suna na Turanci ba. Abin da ya sauya shi ne mun koma hawa keke napep ko da tafiyar minti goma ce, kuma kowane cin abinci sai an kora da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kusan giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma babbar roba ɗaya ta lemo tana iya cinye wannan kason duka.

Maman Ummi: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma kai namiji ne, kana iya sa takalmi bayan Asuba ka zaga unguwa ba mai ce maka uffan. Matar aure da ke tashi ta dama kunu, ta shirya yara makaranta cikin sanyin hunturun Jos, yaushe za ta samu wannan minti 150? Kuma idan mace ta yi wata uku tana rage malmala ba ta ga canji ba, karaya take yi, daga nan ne take faɗawa hannun masu sayar da shayin rage ƙiba.

Anti Nas: Wannan shayin shi ne ya fi damuna, domin da yawansu ganyen filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sawa, mace ta yi ta zarya bayan gida tana murna wai kitse ne ke fita. Minti 150 kuma ba a rana ɗaya ake nema ba, minti 30 ne sau biyar a mako, ana iya raba shi goma-goma, kuma saurin tafiya zuwa Islamiyya ko kasuwa yana cikin lissafi. Tambayata gare ki ita ce, tukunya nawa za ki riƙa ɗorawa a gidanki, taki daban ta maigida da yara daban, kuma har zuwa yaushe?

Maman Ummi: Tukunya biyu na wata biyu zan iya, Anti. Bayan nan sai ki rubuto mini yadda ake komawa ga tuwo ba tare da kilon ya dawo ba, domin maƙwabciyar tawa ma abin da take tambaya ke nan yanzu.