Ina kyautar take?

Lawali: Jama'a na gaji wallahi. Wata uku ina jera shafukan labarai cikin wata manhajar RSS, irin wadda ke tara maka sababbin labaran shafuka a wuri guda, na siyasa daban, na farashin hatsi daban, na ƙwallo daban. Daren jiya ta sabunta kanta, komai ya cakuɗe kamar fate. Allah Ya sa ina da fayil ɗin OPML a ajiye, wato mai ɗauke da jerin shafukan nawa, na loda shi cikin wata manhajar, Inoreader, kafin shayina ya huce duk sun dawo inda suke. Ta kyauta ma tana ɗaukar shafi 150, Feedly kuwa a 100 take tsayawa. Wanda ya san wadda ta fi ta daɗin aiki ya faɗa mini.

Malam Isufu: Kyauta? Tallan da take cusa maka tsakanin labarai da megan wa yake buɗewa?

Lawali: Malam, ko dala ban biya ba.

Malam Isufu: Ka biya. Ranar Litinin jika guda ka zuba a wayarka, a shagona, ni na karɓi kuɗin.

Lawali: Wannan ai kuɗin intanet ne, ina ruwansa da manhaja?

Hajiya Balki: Lawali, kyauta ita ce wadda aka miƙo maka ba a jiran komai. Wannan ɗanɗano ne irin na mai ƙilishi, ka lasa ka dawo da kuɗi. Google Reader ma ai kyauta aka ce, ranar 1 ga Yuli 2013 aka rufe ta, kowa ya kwashi tarkacensa. Ƙanena sati guda ya yi yana ƙunƙuni, a lokacin ne ya koma Feedly.

Rabi: Don Allah wacce ce ke barin mutum ya karanta abin da ya sauke in rezo ya ɗauke? Nan Tibiri da dare sai a hankali.

Sani Damagaram: Ku mutanen Maraɗi ko ruwan randa aka ba ku sai kun tambayi nawa ne ribar mai randar 😂

Malam Isufu: Gara mu, muna tambaya. Kai da har yau sai an turo maka labari ta WhatsApp kake sanin an yi ruwa a unguwarku.

Sani Damagaram: Mun gode, ɗan kasuwa. Ka dai biya ni cajata da ka ara tun azumi.

Hajiya Balki: Au, aro ne? Ya ce mini kyauta ka ba shi.

Malam Isufu: Hajiya, kada ki shiga abin da ba ki sani ba.

Habu, mai kula da zaure: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: duk mun yarda babu manhajar kyauta, kamar yadda Kawu Isufu ya bayyana da hujja. Lawali ya gyara kalmarsa. Maganar caja ba ta zauren nan ba ce, na goge saƙo biyu na Sani.

Lawali: Yaushe na yarda?

Rabi: Ni fa har yanzu ba a ba ni amsa ba.