Neman shawara: kaina yana taɓa rufin Miata, in sayi ƙarfen sauke kujera ko in kai wa mai walda?

Dogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi Mazda MX-5 'yar 2001, wadda Amurkawa ke kira Miata, mai rufin tamfol. Mota lafiya lau, matsalar tsawona ne. In na rufe sama kaina yana gogar tamfol, ramin da na faɗa duk sai na ji shi a tsakar ka, danja kuma sai na sunkuya nake ganinta. Na samu masu sayar da ƙafafun kujera da ke sauke ta ƙasa a Turai da Amurka, amma da na haɗa farashi da jigila da kwastan, sai na ga ya kusa kuɗin tayoyi huɗu. A kan 'yan ƙarafuna da aka lanƙwasa aka huda! Mai waldan unguwarmu ya ce in kawo masa kujerar da safe in karɓa da la'asar. Me kuka gani?

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam. Kai masa kawai. A nan Kaduna ana ƙera injin niƙa tun daga tushe, ƙafar kujera ce za ta gagara? Rabin kuɗin nan na suna ne.

Injiniya: Ɗan Panteka, ƙerawa ba ta gagara ba, amma injin niƙa ba ya karo da tirela. Dogo, kafin komai leƙa gefen kujerar ta wajen giya, ka ga inda makullin bel yake ɗaure. A motoci da yawa a jikin ƙarfen kujera yake, ba a jikin mota ba. In naka haka yake, to ƙafar da za a ƙera maka ita ce za ta riƙe ka ranar da Allah ya kawo tsautsayi.

Dokar Amurka mai lamba 207 ta ce dole kujera ta jure ƙarfin da ya ninka nauyinta sau 20, gaba da baya. Kujera mai kilo 15 ke nan za ta jure kilo 300. Wannan mai sauƙi ne. Mai lamba 210, ta maɗaurin bel, ita ce babba: fam 3,000 a igiyar cinya, wani 3,000 a ta kafaɗa, a lokaci guda, wato kusan kilo 1,360 kowanne. Walda mai kyan gani daga sama wadda ba ta ci ƙarfe ba, a nan take ɓallewa, kuma ba wanda zai gane ta da ido bayan an shafa baƙin fenti.

Dogo: Na duba, ranka ya daɗe, a jikin kujerar yake. To ke nan dole in biya su?

Injiniya: Ba dole. Tsada ma ba shaida ba ce. Tambayi mai sayarwa ko an gwada nasa, da wane ma'auni. Wasu za su nuna maka takarda, wasu za su yi ta kame-kame, kuma mai kame-kame bai fi mai waldanka da komai ba sai kwali. In a gida za a yi, bi ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA: ƙarfe kada kaurinsa ya gaza milimita 3, alminiyam milimita 5, kusoshi aƙalla huɗu masu kaurin milimita 8 zuwa sama. In aka huda sabon rami a daɓen mota, a sa faranti ta ƙasa mai faɗin santimita murabba'i 40, ba washa ba, don daɓen siriri ne, kan noti yana iya yaga shi ya fito. Kusa kuma a duba kanta, a ga 8.8 ko 10.9. Wadda ba ta da lamba a bar wa masu ƙofa. Ta bel a mayar da ta asali.

Baban Hanan: Duk kun tafi wajen ƙarfe kun bar soso. Dogo ƙanena, masu irin wannan motar a Amurka sun daɗe suna rage soson mazauni, ni ma haka na yi wa tawa. Sifana 14 za ta kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da kujerar. Ka kai wa mai ɗinkin kujera ya yanke zobban wayar da ke riƙe da rigar, ya ɗaga soson. Daga ƙasa za a yanka, ɓangaren da ke kwance a kan farantin ƙarfe, kada a taɓa sama, in ba haka ba rigar za ta yi tattara. Wuƙa mai tsawo, kaɗan-kaɗan, kana zama kana gwadawa. A bar tudun gefe da na gaba yadda suke, shi na gaban yana taimakawa kada ka zame ƙarƙashin bel. Na samu kusan inci ɗaya, kuma da aka rage soson wurin jingina baya ƙafata ta ƙara sakewa a kulochi. Gaskiya dai daga Kano zuwa Zariya sai ka san ka zauna.

Maman Sadik: Masu samfurin 2006 zuwa sama da ke karantawa, ku kula, da yawa akwai jakar iska a gefen kujera. A cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa soket ɗinta mai ruwan ɗorawa.

Ɗan Panteka: Injiniya ya fi ni gaskiya a kan bel. Amma akwai masu waldan gas na argon da suka san aikinsu, ba kowa ne na bakin titi ba.

Injiniya: Akwai su, shi ya sa na ba da ma'auni. Abu ɗaya da zan hana ko wane gwani ne: kada ya yanke tudun daɓen da kujera ke hawa, ko da ya ce a nan inci biyu suke ɓoye.

Dogo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan fara da soso. Baban Hanan, in na samu tsohuwar kujera a Ƙofar Ruwa in gwada a kanta tukuna, ta ɓangaren fasinja za ta yi, ko sai ta direba?

Baban Hanan: Don koyon hannu kowacce ta yi. Ka dai danna soson da yatsa kafin ka biya, in yana marmashewa bar musu kayansu.