Gudu da shan man mota: abin da masana suka ce

Makanikai da tsofaffin direbobi sun fi daɗewa kan maganar gudu. Yawancin motoci sun fi tsimin mai tsakanin kilomita 70 da 90 a awa. Daga nan iska ke ƙara turje wa mota sosai, kuma in gudu ya ninka, turjiyar kan ninku sau huɗu. A taka totur sannu, a ƙara giya tun inji yana juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti. In ka hango danja, ɗaga ƙafa da wuri ka bar motar cikin giya, domin injin zamani kan datse mai gaba ɗaya. A firi kuwa, wato in an cire giya, shan mai yake yi. Iskar taya, a auna ta duk wata lokacin da tayar ke sanyi.