Shawarwari Kan Shirya Tsohon Babur Don Tsere

Abin da masu tsofaffin baburan tsere a kan turɓaya, irin su Maico da Honda Elsinore, suka fi nanatawa shi ne a karanta dokokin gasa kafin a sayi kayan gyara. Ƙungiyar AHRMA ta Amurka, mai shirya tseren tsofaffin babura, a rukunin baburan 1974 zuwa baya, ta ƙayyade motsin shokabzoba ga inci 7 a gaba da inci 4 a baya, don haka sabon kaya mai tsada yana iya sa a hana mutum shiga. Masu baburan sun kuma ce a cire ƙarfen jingina, a sa hannun birki mai dunƙulallen baki don kada ya soki mahayi idan ya faɗi. Hular kwano kuwa, a ganina, dole ta zama ta zamani.