Rawar salsa da baƙuwar fuska: wanda ya taɓa yi ya ba mu labari

Baƙon Hamburg:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Tun shigowar hunturu abokan aikina suka ja ni ajin salsa, rawar nan ta Latin Amurka da ake yi bibbiyu, a nan Jamus, don in ba haka ba daga wajen aiki sai ɗaki. A aji komai lafiya lau: malama na ƙirga mana ɗaya, biyu, uku, biyar, shida, bakwai, kuma dukanmu abu ɗaya aka koya mana. To Asabar mai zuwa akwai daren rawa na kowa da kowa. Babu malama, babu mai ƙirga maka, kai za ka taka har gaban wadda ba ka taɓa gani ba ka miƙa mata hannu. Wallahi gabana faɗuwa yake. Ku yaya kuka yi?

Likita, tsohon ɗalibi a Kyuba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a Kyuba na yi karatun likitanci, kuma can yawancin mutane ba a aji suke koyo ba, da abin suke tashi, daga biki zuwa zaman ƙofar gida. Nasu salon shi ake kira casino, kai da abokiyar rawarka kuna kewaya juna ne, saɓanin naku na Turai da ake kai da komo kan layi guda.

Abin da ya raba ni da tsoron baƙuwar fuska shi ne rueda, wadda tun shekarun 1950 ake yinta a Havana. Ana yin da'ira bibbiyu, mutum ɗaya na kiran juyin da za a yi, da zarar ya ce "dame" kowane namiji ya saki wadda ke hannunsa ya karɓi ta gaba. Kafin waƙa ta ƙare ka zagaye kowa, ina ka ga lokacin jin kunya? A nan na gane kowane hannu da nauyinsa. Wata da ɗan motsin yatsa ta juya, wata sai ka ba ta alama tun da wuri.

Amma wadda ba na mantawa wata tsohuwa ce a birnin Santiago na Kyuba, sa'ar kakata. Ita ma ta jawo ni daga kan kujera. Ƙafarta da ƙyar take barin ƙasa, juyi ko ɗaya ba ta nema ba, amma ko sau ɗaya ba ta saɓa wa clave ba, wato sandunan nan biyu da ake bugawa sau biyar, uku sannan biyu ko biyu sannan uku. Duk sanda na fara gaggawa sai ta ɗan danne mini kafaɗa, mu koma kan kiɗa. Ba mu ce wa juna uffan ba har aka gama.

'Yar Landan:
Likita ya yi maganar maza, bari in faɗa maka abin da mu masu bi, wato waɗanda ake ja a rawar, muke gani, ɗan'uwa.

Sabon shiga bai taɓa damuna ba. Wanda ya iya takun farko da juyi biyu, yana kan kiɗa, yana murmushi, na fi son rawa da shi a kan gwanin da ya zo gwada duk abin da ya kalla a YouTube a kafaɗata. Akwai wani da ya damƙe mini yatsu da babban yatsansa yana juya mini hannu kamar mai tuƙa tuwo, washegari ko jaka na kasa ratayawa. Ba a damƙa. Yatsu ake ɗan sarƙewa yadda in juyi ya ƙwace kowa zai iya zare hannunsa. Kuma hannunka na dama a kan allon kafaɗarta yake zama, kada ya gangara ƙugu.

Na biyu, don Allah kada ka koyar a fili. Ko ta yi kuskure ƙarara, ka ci gaba abinka. Ranar da wani ya tsayar da ni tsakiyar waƙa yana nuna mini inda zan sa ƙafa, na ƙarasa masa don kara, amma ban sake karɓar hannunsa ba.

Batun a ƙi ka kuwa, za a ƙi ka, kowa an ƙi shi. Wataƙila ƙafarta ke ciwo, wataƙila ta yi wa wani alkawarin waƙar. Ka ce ba komai ka wuce, ban da tambayar dalili. Mu ma muna da tamu ƙa'idar: in na ce maka na gaji, ba na tashi da wani a waccan waƙar. Kuma waƙa ɗaya ake yi, minti huɗu zuwa shida, a yi godiya a rabu. Rawa da kai ba ta nufin tana son lambarka.

Ka tafi da riga ta biyu a jaka. Turare kaɗan ya isa, kada ka yi irin namu na gidan biki, ɗakin a rufe yake.

Mazaunin Bronx:
Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara wanda ke haɗa mutane karo ba laifin kowa. Ƙirgar da malamarka ke yi, inda namiji ke jefa ƙafar hagu gaba a kan ɗaya, salon Los Angeles ne, shi ya fi yawa a Turai. Mu nan New York a kan biyu ake karya taku, salon da malamin rawa Eddie Torres ya tsara ya yaɗa: namiji na komawa baya a kan biyu, ya zo gaba a kan shida. In ka saurari gangar conga za ka ji marin da ake yi mata daidai nan, biyu da shida. To ka ɗauko mai bin biyu kai kana kan ɗaya, sai ka ji kuna ta cin karo, kowa na zargin kansa. Nan ba abin kunya ba ne kafin a fara ka tambaya, ɗaya ko biyu?

Maƙwabtana 'yan Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika ne, kuma dattawansu na alfahari cewa a garin nan sunan salsa ya kafu, bayan an buɗe kamfanin faifai na Fania a 1964. Su in ka ce musu ɗaya ko biyu dariya suke, su dai kiɗa suke bi. Da irinsu sai ka rage juye-juye ka bi jikinsu.

A kula kuma, ba salsa kaɗai ake sawa ba. Ana sako kiɗan bachata na Jamhuriyar Dominika, wani wurin har kizomba ta Angola, kuma waɗannan ana matsowa kusa sosai. Ni da na ji an sako su nake zuwa shan ruwa.

Malamin makaranta daga Zariya:
Ba don in ɓata muku hira ba, amma har yanzu ban ji wanda ya taɓo abin da ke raina ba. Riƙe hannun macen da ba muharramarka ba fa? Ɗan'uwa na Hamburg, ka yi tunani a kai tukuna.

'Yar Nima, Akra:
Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma ba fatawa zan bayar ba, abin da nake yi zan faɗa. Ni ba na rawa da maza. Ɓangaren jagora na koya, don haka mata nake gayyata, da ɗankwalina da doguwar rigata. A daren rawa na nan Akra mata sukan fi maza yawa, wasu sai su yi ta zama ba wanda ya ɗauke su, ka ga kuwa ba na rasa abokiyar rawa. Da farko sukan yi turus in na miƙa hannu, sai na ce ni zan ja, shi ke nan. In namiji ya zo, hannu nake sawa a ƙirji in ce na gode, ba wanda ya taɓa matsa mini. Akwai kuma wani Alhaji da ke zuwa da matarsa, tun a aji suka gaya wa malami ba sa canza abokin rawa, ana tsallake su in an zo zagaye.

Malamin makaranta daga Zariya:
To, na ji naki, 'yar'uwa. Ni dai ina nan kan bakana game da na maza da mata. Allah Ya sa mu dace.

Ɗaliba a Madrid:
Amin Malam. Ni ma sabuwa ce, ina ta karantawa shiru. Yaya ta Landan, dole sai na sayi takalmin rawa? Na ga tsadarsa.

'Yar Landan:
A'a ƙanwata, ba yanzu ba. Ki nemi duk wanda ƙasansa ke da santsi, na fata ya fi, kuma ya kama ƙafa ta baya don kada ya fice. Na roba irin na motsa jiki ne matsala, yana cije katako, ke kin juya shi bai juya ba, gwiwa ce ke shan wahalar. Ki je da wuri kuma, yawanci ana yin ɗan darasi na awa guda kafin a buɗe fili, waɗanda kika zagaya da su a nan su za su fara neman ki in an sa kiɗa.